Albashin dala miliyan 350, nasara 75: ina New York Mets ta kuskure?

Sabon Magoyi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bin wasan besbol. Tambayata a kan New York Mets ce, kuma ina roƙon waɗanda suka daɗe suna bin ƙungiyar su yi mini bayani dalla-dalla, domin abin da ya faru a kakar 2023 ya ƙi shiga kaina.

A kakar 2022 ƙungiyar ta ci wasa 101 cikin 162, ta yi kunnen doki da Atlanta a saman rukunin Gabas na National League, ko da yake San Diego ta yi waje da ita a matakin farko na wasannin neman kofi. Da aka shiga hutu sai mai ƙungiyar, Steve Cohen, ya buɗe bakin aljihu yadda ba a taɓa gani ba a tarihin wasan. An ɗauko Justin Verlander a kan sama da dala miliyan 43 a shekara, daidai da abin da ake biyan Max Scherzer, an sabunta wa Edwin Díaz, mai jifar da ke rufe wasa, yarjejeniyar shekara biyar a kan miliyan 102, an ba Brandon Nimmo shekara takwas a kan miliyan 162, aka kuma kawo Kodai Senga daga Jafan. Albashin 'yan wasa ya doshi dala miliyan 350, ban da harajin da hukumar gasar ke ɗora wa duk ƙungiyar da ta ƙetare iyakar albashi.

Bayan wannan duka, sai ga ƙungiyar ta ƙare da nasara 75 da rashin nasara 87, ta zo ta huɗu cikin biyar, Atlanta ta ba ta tazarar wasa 29. Kafin kaka ta ƙare an sallama Scherzer da Verlander ga wasu ƙungiyoyi, a ranar ƙarshe kuma kocin, Buck Showalter, wanda shi aka zaɓa gwarzon koci a shekarar da ta gabata, ya sanar cewa ba zai dawo ba.

Abin da nake son sani shi ne, shin tun farko tubalin ginin ne ba shi da kyau, wato an sayi sunaye ne kawai ba a haɗa ƙungiya ba, ko kuwa rauni da rashin sa'a ne suka rusa shirin da ya kamata ya yi aiki? Idan laifin mutane ne, wa ya fi cancantar ɗaukarsa: mai kuɗin, shugabannin da suka zaɓi 'yan wasan, koci, ko 'yan wasan kansu?

Tsohon Ɗan Kallo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam mai tambaya, barka da shigowa cikin masu haƙuri, domin wanda ya zaɓi wannan ƙungiya ya zaɓi jira; rabonta da kofin World Series, wato kofin zakaran gasar baki ɗaya, tun 1986, kafin wannan kuwa sai 1969.

A ganina amsar tana wajen masu jifa, musamman mutum biyar ɗin da ke buɗe wasa bi da bi. Kaka ɗaya, mai wasa 162 na zagaye tara-tara, tana ɗauke da zagaye sama da 1,400 da dole wani ya tsaya ya yi jifa a cikinsu, kuma ƙungiyar da ke son zuwa wani wuri tana buƙatar masu buɗewa su ɗauki kaso mafi tsoka, su riƙa kai wasa zagaye na shida ko na bakwai kafin a miƙa wa masu canji. To dubi waɗanda aka ɗora wa wannan kaya. Verlander ya cika shekara 40 a watan Fabrairu, Scherzer yana da 38, Carlos Carrasco 36, José Quintana 34, shi kuwa Senga bai taɓa jifa a Amurka ba, kuma ya fito daga gasar da mai buɗewa ke jifa sau ɗaya a mako. Babu ko ɗaya a cikinsu da za ka rantse cewa jikinsa zai kai wata shida ba tare da tangarɗa ba.

Haka kuwa aka yi, tun ma kafin a fara. An yi wa Quintana tiyata a haƙarƙari a watan Maris, bai taka fili ba sai bayan tsakiyar Yuli. Verlander ya samu matsala a wata tsoka ta kusa da kafaɗa, sai farkon Mayu ya fara wasa. Shi kuma Scherzer, a watan Afrilu a filin Dodgers, alƙalan wasa suka taɓa hannunsa suka ce ya cika danƙo, suka sa shi ya wanke, suka sa ya canza safar hannu, da ya dawo zagaye na huɗu suka sake dubawa suka kore shi, yana ta rantsuwa cewa gumi ne kawai da garin ƙaron da doka ta yarda da shi. Hukuncin dakatarwa na wasa goma ya biyo baya. Ko da ya dawo, ba shi ne mutumin 2022 ba: a waccan shekarar matsakaicin makin da ake ci a hannunsa cikin zagaye tara 2.29 ne, a 2023 kuwa ya haura 4 kafin ya tafi, kuma masu bugu sun riƙa tura ƙwallon da ya jefa bayan katangar fili, wanda ke ba su maki nan take, fiye da kima. Carrasco ya ƙare da 6.80, adadin da ba ya buƙatar sharhi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da aka bari suka tafi. Ba na maganar Jacob deGrom, wanda Texas ta ba miliyan 185 kuma gwiwar hannunsa ta sake lalacewa kafin rabin kaka. A nan shugabanninmu sun yi daidai da ba su bi shi da kuɗi ba. Ina maganar Chris Bassitt da Taijuan Walker, waɗanda ba su da sunan da ke cika fili amma duk kwana biyar za ka same su a bakin aiki. Bassitt ya je Toronto a kan miliyan 63 na shekara uku, ya jefa zagaye 200 cif a 2023, ya ci wasa 16. Kuɗinsa na shekara bai kai rabin na Verlander ba.

Kada kuma a manta cewa a 2023 ne aka shigo da agogon jifa, wanda a waccan shekarar ya ba mai jifa daƙiƙa 15 idan babu mai gudu a kan zango (wuraren da mai bugu ke tsayawa yayin zagaya fili), 20 idan akwai. Matashi ba zai ji komai ba, amma mutumin da ya shekara goma sha biyar yana zagaya tudun jifa yana maida numfashi yadda ya ga dama, dole abin ya taɓa shi, musamman a zagaye na biyar da na shida lokacin da ƙafa ta fara nauyi. An san da zuwan wannan doka tun watan Satumban 2022, wato kafin a sa hannu a kan yarjejeniyar Verlander.

Saboda haka ni ban kira abin rashin sa'a ba. Idan ka tara mutum huɗu masu shekara 34 zuwa sama, raunin ɗaya ko biyu daga cikinsu lissafi ne da ya kamata ka yi tun kana ofis. Da suka faɗi, waɗanda ke bayansu su ne David Peterson da Tylor Megill, kuma dukansu biyu sai da aka mayar da su ƙaramin rukuni, wato gasar da ke ƙasa da babbar gasa inda ake renon 'yan wasa, a tsakiyar kaka domin su gyara jifarsu. Laifin yana kan Billy Eppler, babban manajan da ya tsara jerin 'yan wasan, da kuma shekarun da ƙungiyar ta yi ba ta reno masu jifa na kanta ba.

Mai Bin Alƙaluma ta amsa:

Baba, na yarda da rabin maganarka, amma ina ganin ka sauke wa masu jifa kayan da ba nasu kaɗai ba ne, kuma ka yi saurin wuce batun da ya sauya fasalin kakar tun ba a fara ba.

Ranar 15 ga Maris, a Miami, Puerto Rico ta doke Jamhuriyar Dominika da ci 5 da 2 a gasar ƙasashe ta World Baseball Classic. Edwin Díaz ne ya rufe wasan, ya kori masu bugu uku a jere (wato ya fitar da su ba tare da sun iya buga jifarsa cikin fili ba), abokan wasansa suka kewaye shi suna tsalle don murna, sai kawai aka ga da'irar ta buɗe yana zaune a ƙasa riƙe da gwiwar dama. A keken marasa lafiya aka fitar da shi, ƙanensa Alexis yana kuka a fili. Jijiyar gwiwar ce ta tsinke, kuma bai jefa ƙwallo ko ɗaya ba a duk kakar. Wannan mutum a 2022 ya kori masu bugu 118 cikin zagaye 62, matsakaicinsa 1.31. Wane ofis ne zai yi lissafin irin wannan rauni? Ba a kan tudun jifa ya same shi ba, ba kuma tsufa ba ne, yana da shekara 28 a lokacin.

Mutane sukan ce ai David Robertson ya maye gurbinsa kuma ya yi ƙoƙari, wanda gaskiya ne. Sai dai an ɗauko Robertson ne domin zagaye na takwas. Da ya koma na tara, wanda aka tanada domin na bakwai ya koma na takwas, haka kowa ya hau matakin da ya fi ƙarfinsa, ga kuma masu buɗewa suna sauka tun zagaye na huɗu ko na biyar kamar yadda ka faɗa. Inda abin ya fito fili shi ne Atlanta, daga 6 zuwa 8 ga Yuni. A kowane ɗaya daga wasanni ukun Mets ta yi gaba da aƙalla maki uku, kuma duka ukun aka ƙwace. Na ƙarshen ya tashi 13 da 10 a zagaye na goma, Ozzie Albies ya tura ƙwallo bayan katanga aka tashi. Ƙungiyar da ta ci maki goma ta kasa cin wasa, ba masu bugunta za a tuhuma a ranar ba. A tsakiyar waɗannan wasannin ne kuma jifar Charlie Morton ta samu Pete Alonso a wuyan hannu. An shiga watan Yuni da nasara 29 da rashin nasara 27, aka fita da 36 da 46, wato wasa bakwai kacal aka ci cikin 26.

Amma inda na fi saɓa maka shi ne batun bugu, domin a nan ne nake ganin nasara 101 ta 2022 ta yaudare mu duka, har da shugabannin. A waccan shekarar kusan kowa ya yi kakar da ta fi kyau a rayuwarsa ko kusa da haka, a lokaci guda. Jeff McNeil ya zo na ɗaya a kason bugu, wato kason nasarar bugunsa cikin damar da ya samu, da .326, a 2023 ya sauko .270. Starling Marte, wanda aka zaɓa cikin taurarin 2022, an yi masa tiyata a matsematsi lokacin hutu, ya dawo ba gudu ba ƙarfi, ga ciwon kai mai tsanani, bai kai wasa 90 ba, kuma ƙwallo biyar kawai ya tura bayan katanga. Alonso ya tura 46, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma kason bugunsa ya faɗi zuwa .217. Shugabannin sun dubi jerin masu bugun 2022 suka ce a bar shi yadda yake, alhali yawancinsu sun haura shekara 30 ko suna bakinta, kuma wanda ya kai ƙololuwa yana wannan shekarun ba kasafai yake maimaitawa ba.

Shaidar cewa su ma sun san akwai giɓi ita ce maganar Carlos Correa. A watan Disambar 2022 an cimma yarjejeniya da shi ta shekara 12 a kan miliyan 315, bayan da tasa da San Francisco ta wargaje, sai likitoci suka duba tsohon raunin idon sawunsa aka fasa, ya koma Minnesota. Ba na cewa da ya zo da an tsira, domin shi ma kakarsa ta 2023 ba ta yi armashi ba. Abin lura shi ne an amince ana buƙatar babban mai bugu guda, da aka rasa shi kuma ba a nemi wani ba.

Ya kamata a yi adalci ga waɗanda suka sauke nauyinsu. Francisco Lindor ya tura ƙwallo 31 bayan katanga ya kuma saci zango 31, ga tsaron da yake yi a tsakiyar fili kusan kowace rana. Nimmo ya biya kuɗinsa. Senga kuwa, wanda Baba ya sa a jerin abin shakka, shi ne ya fi kowa: matsakaici 2.98, ya kori masu bugu 202. Duk wanda ya ga jifar nan tasa da yake cusa ƙwallo tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, ta taho kamar za ta wuce daidai gwiwa, mai bugu ya kai mata sanda sai ta nutse ƙasa a gabansa, ya san miliyan 75 na shekara biyar araha ce.

Ɗan Bayan Katanga ya amsa:

Ina girmama bayanan da manyana biyu suka yi, amma na lura dukansu sun kewaye koci kamar ba shi da hannu a cikin lamarin. Showalter mutum ne mai ilimin wasa, babu mai musun haka, sai dai yana da tsohuwar aƙidar fifita gogagge a kan matashi ko da gogaggen ya daina amfanar kowa. Wata da watanni muna kallon Daniel Vogelbach a gurbin mai bugu zalla, mutumin da ba ya tsaron fili, ba ya gudu, ba a kuma yarda ya fuskanci mai jifa da hagu, alhali Mark Vientos, da aka kira a watan Mayu bayan ya addabi ƙaramin rukuni da bugu, yana zaune a benci har aka mayar da shi. Francisco Álvarez ma ba don Omar Narváez ya ji rauni a watan Afrilu ba da ba a kira shi da wuri ba, kuma ko da ya zo sai da ya jira kafin a sakar masa gurbin mai cafe ƙwallo. Yaron nan mai shekara 21 ya ƙare da ƙwallo 25 a bayan katanga.

Na san za a ce Brett Baty ya samu dama sosai kuma bai yi abin kirki ba, har aka mayar da shi ƙasa a watan Agusta. Haka ne. Amma gara a san gaskiyar matashi a fili da a bar shi a benci ana hasashe.

Akwai kuma maganar da Tommy Pham ya yi wa 'yan jarida bayan an tura shi Arizona, cewa a duk ƙungiyoyin da ya yi wa wasa bai ga masu bugun da suka gaza waɗannan himmar atisaye ba. Ko an ce ya yi ƙari, mutumin da ya zauna a ɗakin ne ya faɗa, kuma tsare irin wannan aikin koci ne. Ni ban yi baƙin cikin tafiyar Showalter ba.

Sabon Magoyi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yanzu na fahimci cewa ba wuri ɗaya ɓarakar take ba. Sai dai har yanzu akwai abin da ya tsaya mini, wato abin da aka yi a ƙarshen Yuli da farkon Agusta. An tura Scherzer Texas, an mayar da Verlander Houston, kuma na karanta cewa Mets ce ta ci gaba da biyan kaso mai yawa na albashinsu suna yi wa wasu wasa. Scherzer ma har ya samu zoben zakara da Texas. Ta yaya za a kira wannan dabara? Arizona da nasara 84 kawai ta kai wasan ƙarshe, to me ya hana a daure a gani ko za a farfaɗo? Sannan a ƙarshen 2023 na ji ana raɗe-raɗin cewa Alonso ma za a iya rabuwa da shi tunda a lokacin saura masa shekara guda a hannun ƙungiyar, shin hakan yana da ma'ana?

Malamin Lissafi ya amsa:

Ɗan'uwa, a ganina abin da ya ɗaure maka kai shi ne abu mafi hankali da ƙungiyar ta yi a duk shekarar, kuma sai an fahimci yadda dokokin gasar suke kafin a ga dalili.

A wannan gasa kuɗi ba ya sayen matashi kai tsaye. Ana rabon sababbin 'yan wasa ne ta hanyar zaɓe na shekara-shekara inda ƙungiyoyin da suka fi rauni ke fara ɗauka, kuɗin da za a kashe wajen ɗaukar yara daga ƙasashen waje ma an ƙayyade shi, ƙungiyar da ta ƙetare iyakar albashi da yawa kuwa har ja mata zaɓinta na farko ake yi baya da mataki goma. Matashin da ya shigo babbar gasa yana hannun ƙungiyarsa na tsawon shekara shida, uku na farko a kan albashi kusa da mafi ƙanƙanta. Abin da ke kasuwa ga mai kuɗi shi ne wanda ya gama waɗannan shekaru shida, wato galibi ɗan shekara 30 zuwa sama. Wannan ne ya sa Cohen, da ya sayi ƙungiyar a 2020 ya tarar da rumbun matasa ba shi da yawa, ba shi da abin saye sai tsofaffi. Bayanin Baba gaskiya ne, amma tushensa ke nan.

Abin da aka yi a Yuli hanya ce ta zagaye wannan shinge. An ce wa Texas ta ɗauki Scherzer, Mets za ta biya kimanin dala miliyan 35 daga abin da ya rage na albashinsa, ita kuma ta ba da Luisangel Acuña, ƙanen Ronald Acuña na Atlanta. An yi irin haka da Houston a kan Verlander aka karɓo Drew Gilbert da Ryan Clifford. Kuɗin da ma an riga an ɗaure su a yarjejeniya, ko an riƙe mutanen ko an sake su sai an biya. Zaɓin da ya rage shi ne a biya a samu jifar tsofaffi biyu a kakar da ta riga ta lalace, ko a biya a samu matasa uku da za su iya yin shekara shida. Babu tabbacin ko ɗaya daga cikinsu zai zama tauraro, yawancin matasa ba sa zama, amma babu wata ƙofar da kuɗi zalla zai shigo da irinsu.

Game da Arizona, gaskiya ne ƙofar neman kofi ta faɗaɗa tun da aka mai da ƙungiyoyin da ke shiga shida a kowane ɓangare. Sai dai a lokacin da aka yanke shawarar nasarorin Mets ba su kai rabin wasannin da ta buga ba, akwai ƙungiyoyi da dama a gabanta, kuma babu wata alama cikin wata huɗu da ta nuna za ta iya jera nasarori. Shi kansa Scherzer ya ji rauni a watan Satumba a Texas, ya dawo a wasannin kofi bai yi wani tasiri ba.

Kada kuma wani ya ɗauki darasin cewa kashe kuɗi ne laifi. Na san ƙungiyoyi uku mafi tsada a 2023, Mets da Yankees da San Diego, duk ba su shiga wasannin kofi ba, Baltimore kuma da ɗan ƙaramin albashinta ta ci wasa 101. Amma wadda ta ɗauki kofin, Texas, ita ce ta zuba dala miliyan 500 a kan Corey Seager da Marcus Semien. Bambancin shi ne a kewaye da su akwai irin su Josh Jung da Evan Carter da ta rena da kanta, da Adolis García da ta samu kusan a banza. Atlanta ma haka: ta ɗaure Acuña da miliyan 100 na shekara takwas, Albies da miliyan 35 na shekara bakwai, tun suna yara, shi ya sa take da sararin cike sauran gurabe. David Stearns, wanda aka naɗa shugaban harkokin wasa a farkon Oktoban 2023, an ɗauko shi ne saboda ya kai Milwaukee wasannin kofi shekara huɗu a jere daga 2018 da ɗan kuɗi kaɗan, kuma ƙwarewarsa ita ce tono masu jifa daga inda ba a zata ba.

Batun Alonso kuwa, zuciya da lissafi ba su jitu ba. Ya cika shekara 29 a Disambar 2023, mai tsaron zangon farko ne wanda darajarsa duka tana cikin ƙarfin bugunsa, kuma irinsu idan suka fara gangarowa ba sa yi a hankali. Ya kuma koma hannun wakili Scott Boras, wanda aka sani da kai mutanensa kasuwa maimakon sabunta yarjejeniya da wuri. Da ni ne a lokacin zan saurari tayin kowa, in kuwa babu mai tsoka in bar shi ya buga shekararsa ta ƙarshe, amma ba zan ba shi shekara takwas ba.

Tsohon Ɗan Kallo ya sake amsawa:

Malam, bayaninka a kan musayar Yuli ya gamsar da ni, kuma 'yata mai alƙaluma ta yi gaskiya a kan Senga, ya wuce duk yadda aka zata. Amma a kan Alonso ban bi ka ba. Mutumin da ya tura ƙwallo 53 bayan katanga a shekararsa ta farko, wanda daga 2019 zuwa 2023 babu wanda ya fi shi yawansu a duk gasar, wanda kuma ya nuna cewa hayaniyar New York ba ta firgita shi, ba a musanya shi da yaran da ba su taɓa taka Citi Field, filin Mets, ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ƙungiyar da ta iya biyan miliyoyi domin mutum biyu su yi wa wasu wasa ba za ta ce mana ta rasa kuɗin riƙe nata ba.

Shi kuma ɗana da ke murnar tafiyar Showalter, ina tuna masa cewa kocin da aka naɗa a watan Nuwamban 2023, Carlos Mendoza, a lokacin bai taɓa jan ragamar ƙungiya a babbar gasa ba, mataimaki ne a Yankees kafin nan, kuma ya gaji matsalar da ta kayar da wanda ya gabace shi. A ƙarshen 2023 masu buɗe wasan da za a iya dogara da su biyu ne, Senga da Quintana. An yi wa Peterson tiyata a ƙugu a watan Nuwamban 2023, aka ce ba zai dawo ba sai kakar 2024 ta yi nisa, Carrasco kuma yarjejeniyarsa ta ƙare. Shohei Ohtani, tauraron nan ɗan Jafan mai jifa da bugu, ko da an same shi a lokacin, an san ba zai yi jifa a 2024 ba saboda aikin da aka yi masa a gwiwar hannu. Wanda ya dace da buƙatar a ƙarshen 2023 shi ne Yoshinobu Yamamoto, wanda ke ƙungiyar Orix ta Jafan yana da shekara 25 a lokacin, amma duk masu kuɗin gasar sun yi layi a kansa, kuma ko da ya zo da saura gurbi biyu. Na so in ga Stearns ya kawo mutum biyu irin Bassitt, masu zagaye 170 zuwa sama, da aƙalla masu canji uku da za su tsaya a gaban Díaz, kafin a fara atisaye a Florida a watan Fabrairun 2024.